Malam Dijital da Bangon da Ba Ya Kara

Duk wanda ya san Malam Abdurra'uf kafin tafiyarsa Kaduna ya san mutum ne da ko lambar waya zai ajiye sai ya miƙa wa na kusa da shi ya ce idonsa na ciwo. Mun daɗe muna koyarwa tare a makarantar Hajiya Bilqis, wata makarantar kuɗi a bakin iyakar Fagge da Sabon Gari, ƙofarta na kallon masu sayar da kayan gyaran mota, bayanta ya jingina da gidajen mutanen Fagge. Tarihi yake koyarwa, kuma ba laifi, yara suna samun barci mai kyau a ajinsa.

Sai aka aiko wa makaranta gayyatar wata bita a Kaduna kan koyarwa da na'urorin zamani. Malamin kwamfutarmu ya riga ya ajiye aiki ya buɗe shagon cirar kuɗi, don haka Hajiya ta duba wanda rashinsa ba zai tsayar da komai ba, ta tura Abdurra'uf. Ya dawo da jaka mai tambari da wani kati rataye a wuya, wanda ko alwala zai yi sai dai ya jefa shi baya.

"Ku daina ce mini Malam haka gayansa," ya faɗa mana a ɗakin malamai. "A Kaduna, Dijital suke kirana."

"Su wa?" in ji Mista Derrick, malamin lissafi.

"Manya."

"Ai kuwa sunan ya dace da kai," in ji Derrick. "Ni tun da nake ban taɓa ganin mutumin da ya koyi abu da sauri haka ba. Jiya-jiyan nan fa na cire maka waya daga fulait mod, da ta daina karɓar kira."

Abdurra'uf ya yi murmushi ya gyara katinsa. Derrick yana da baiwar zagi cikin yabo, shi kuwa Abdurra'uf yana da baiwar jin yabon kaɗai.

Ana cikin haka ƙungiyar masu makarantun kuɗi ta Fagge da Sabon Gari ta raba wa makarantu kwamfutocin hannu, ta kuma sanar tana neman mutum guda da zai riƙa zagayawa yana horar da malamai yadda za su yi aiki da su a aji, ta yadda ɗalibi zai zama shi ne a gaba, malami yana taimaka masa. Muƙami ne mai ofis, da kujera mai juyawa. Abdurra'uf ko sallamar kirki bai yi ba ya faɗa ofishin Hajiya.

"Hajiya, ki ba ni malaman nan in yi musu bita a hutun tsakiyar zango. Ranar rufewa ki gayyato Madam Dina, shugabar ƙungiya, ta ga aiki da idonta. Idan ba ta ba ni muƙamin nan a tsaye ba, ki canza mini suna."

"Ka tabbata ka iya, Malam?"

"Hajiya! Wanda ya koya mana a Kaduna ma sai da ya ce bai taɓa jin tambayoyi irin nawa ba."

Wannan kam na yarda an faɗa masa. Kafin a tashi ranar ya raba azuzuwansa ga sauran malamai, ya ce shi da alli sai dai a gaisa daga nesa. Surukansa na Kwaciri ma sun ji labari, har an fara yi wa matarsa murna.

Ranar farko muka tarar ya sa an kwaso kujerun 'yan nazire an jera su a da'ira. Baba Kyari, dattijon da ya fi kowa daɗewa a makarantar, mai jiki da ciwon gwiwa, ya tsaya yana kallon kujerar, kujerar na kallonsa.

"Abdurra'uf, a nan zan zauna?"

"Baba, yau kai ɗalibi ne. A sabon tsari ɗalibi ne a tsakiya, malami yana gefe."

Yana faɗar haka ya shige tsakiyar da'irar ya tsaya. Daga hantsi har aka kira azahar yana bayani kan illar malami mai yawan magana. Malama Ummakulsum ta ɗaga hannu, ya ce tambaya sai ƙarshe. Madam Ujunwa ta ɗaga, ya ce ta riƙe ta a zuciyarta, zai zo wurin. Kwamfutocin kuwa suna cikin kwalayensu a kusurwa, ko ledarsu ba a ɓare ba.

"Ba da na'ura ake farawa ba," ya ce. "Da fahimta ake farawa."

Sai ya ɗauki allin da ya ce sun rabu, ya zana wani akwati a allo, ya ce kwamfuta ke nan. Ya sa muka ɗaga yatsa sama muna shafar iska.

"Hagu! Dama! Ku ja ƙasa! Baba Kyari, ka danna da ƙarfi da yawa, da ta gaske ce da ka fasa gilashin."

Mai shayin ƙofar makaranta ya leƙo ta taga ya ga manyan mutane a kan kujerun jarirai suna shafar abin da babu. Kafin la'asar labari ya kai tashar 'yan adaidaita sahu cewa malaman makarantar Hajiya sun shiga sabuwar ɗariƙa.

"Kun gane?" in ji Abdurra'uf da zai sallame mu.

"Mun gane, Malam!" muka amsa baki ɗaya.

Baba Kyari ya miƙe, kujera ta miƙe tare da shi. Sai da Derrick ya riƙe ƙafafunta ni na riƙe Baba, sannan aka raba su.

Kada wani ya yi mamakin amsarmu. Mu nan ba ma kallon idon magidanci, abokin aiki, mu ce masa bai iya ba. Kara ake yi masa, a rufa masa asiri, in ya so a je gida a yi tsaki. Derrick da Ujunwa ma a Sabon Gari aka haife su, da ruwan Kano aka yi musu wanka, sun fi wasunmu iya ta.

Washegari ranar majigi ce. Babu wuta, don haka ya ja waya daga janaretan Obinna, mai kayan gyaran mota da ke tsallaken titi. Da aka kunna, hoto ya fito kai a ƙasa.

"Da gangan ne," ya ce. "Don a zaburar da tunanin ɗalibi."

"Ai kuwa tunanina ya zabura," in ji Derrick. "Wuyana ne dai ya ƙi."

Abdurra'uf ya juya majigin ya kifa shi. Hoto ya miƙe, amma na'urar ta fara wani irin ƙauri. Ya ce zafi take ji, ya sa aka jona mata fanka. Ya ga wuta ta samu, ya jona butar shayinsa. Ujunwa ta ga haka ta jona abin cajin fitilarta. Janareta ya yi tari, ya yi shiru. Ba a jima ba sai ga Obinna a bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Malam, ba ka ce mini waya ɗaya za ka sa a caji ba?"

"Oga Obinna, ilimi muke yi wa hidima."

"Ilimin shayi yake sha? Kwastoma na tsaye, injina ya mutu. Ni ma ina da yara a makarantar nan, amma ban ce a dafa su da wutata ba."

Ya naɗe wayarsa ya tafi. Muka ƙarasa bitar majigi ba majigi, Abdurra'uf yana nuna bango yana cewa a nan da hoton kaza zai fito, a can kuma da na kaza. Ya tambaya ko mun gane, muka ce mun gane.

Rana ta gaba sabis na waya ne ya ƙi. Ya zagaya harabar makaranta da waya a sama, bai samu ba, sai ya kama tsanin tankin ruwa ya hau. To a unguwar nan ko mai gyaran kwano zai hau sama sai an aika gidajen maƙwabta an ce mata su kimtsa. Shi kuwa Dijital bai aika ba. Ya tsaya a ƙololuwar tanki, waya a ɗage, yana juyawa da ita a hankali, daidai saitin tsakar gidan maƙwabcinmu Alhaji Hamzat, inda mata suka baje suna kitso.

Ihun da ya tashi har kasuwa an ji shi. Takalmi ya fara zuwa, sai ludayi, sai wani murfin tukunya da ya wuce ta gefen kunnensa. Alhaji Hamzat ya fito daga shi sai singileti.

"Kai! Me kake nema a saman gidana?"

"Alhaji, sabis nake nema."

"A tsakar gidana aka ce maka ana ajiye shi? Hoton iyalina kake ɗauka?"

"Wallahi ko kyamarar ban san inda take ba!"

Wannan ce gaskiya ta farko da ya faɗa a makon, kuma ba wanda ya yarda da ita. Wani ɗan adaidaita ya tsayar da kekensa ya ɗaga kai ya ce, "Malam, an ga wata ne? Mu ɗauki azumi?" Wajen saukowa ƙusa ta kama wandonsa ta yi masa taga a baya. Sai da Hajiya Bilqis ta yafa mayafi ta shiga gidan da kanta ta ba da haƙuri. Da ta fito ta tambaye mu yadda bita ke tafiya, shi yana tsaye a gefe ya rufe bayansa da jakar Kaduna.

"Lafiya ƙalau, Hajiya," muka ce. "Muna ƙaruwa."

Ana gobe rufewa ya yarda aka buɗe kwalaye. Kowa ya karɓi kwamfutarsa, har na ji wani ɗan daɗi, na ce yau dai za a taɓa abu. Ya ɗaga tasa sama.

"Ba wanda zai yi gaban kansa. Duk abin da na danna, ku danna."

Ya danna, muka danna. Ya shiga wani wuri, muka bi shi. Ya ce zai nuna mana inda ake ƙara haske, ya zaɓi wani layi, muka zaɓa. Nan take rubutun kowace kwamfuta a ɗakin ya rikiɗe ya koma Sinanci.

"Malam, tawa ta daina Turanci," in ji Ujunwa.

"Ai yarensu na asali ke nan. Can aka ƙera su."

"To mayar da su."

"Garaje ba ya cikin tsarin dijital, Madam."

Ya yi ta lalube, kowane danni yana ƙara nutsar da shi. Ummakulsum ta ce a bar kowa ya gwada da tasa, wataƙila wani ya dace. Ya ce haka ake lalata kayan mutane, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya ƙwace.

Da ya fita, ɗakin malamai ya ɗau zafi. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. Hutunmu ya tafi a banza, kuma idan mutumin nan ya samu muƙamin, haka zai bi makarantun Fagge da Sabon Gari yana zaunar da dattawa a kujerun jarirai. Kowa ya yarda dole a faɗa masa. Da aka zo kan wa zai faɗa, sai murya ta yi ƙasa.

"Ni na raɗa wa ɗansa suna," in ji Baba Kyari.

"Matarsa ƙawata ce, tare muke zuwa Islamiyya," in ji Ummakulsum.

"Da babana ya rasu har gida ya zo, ya wuni da mu," in ji Derrick. "Da wane bakin?"

Aka watse a kan cewa Allah ya kyauta.

Ranar rufewa Abdurra'uf ya shigo cikin babbar riga ta farar shadda, sabuwa fil daga Kantin Kwari, tana ƙara in ya motsa. An cika zauren taro da iyayen yara da masu makarantu. Obinna ya zo a matsayin uba, Alhaji Hamzat ya zo a matsayin maƙwabci, ya zauna a gaba yana harararsa. Madam Dina, shugabar ƙungiya, mace ce mai tabarau da ƙarancin magana, ta zauna kusa da Hajiya. An yi hayar janareta, an sa wani mai shagon kwamfuta ya saita majigi tun da safe ya tafi. Kwamfutocin hannu kuwa an jera su a tebur an lulluɓe da leshi. Abdurra'uf ya ce suna hutawa.

Ya yi jawabi har mutane suka fara duba ƙofa. Sannan ya ɗaga hannu.

"Yanzu, Madam, zan nuna miki abin da ko a Kaduna sai manya. A sabon tsari, ɗalibi ne ke auna malami. Na tura wa malamaina wani shafi a wayoyinsu. Kowa zai rubuta ra'ayinsa a kan bitar nan, ya fito a bangon can kowa ya gani. Ba suna, ba lamba. Ko ni ba zan san wanda ya rubuta ba."

Ya san abin da ya saba ji daga bakinmu, don haka har wani lumshe ido yake yi. Baba Kyari ya gyara zama.

"Abdurra'uf, ka ce ba wanda zai sani?"

"Ko wanda ya ƙera abin, Baba."

"Rantse."

"Wallahi tallahi."

Ban taɓa ganin malamai sun zaro waya da sauri haka ba. Rubutu a waya dai ba wanda ya koya mana, kullum muna yi. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Sai rubutu na farko ya fito a bango, manya-manya: "Assalamu alaikum."

"Kun gani!" in ji Abdurra'uf. "Yana aiki!"

Na biyu ya ce, "Gwaji." Aka ɗan jira, ba a kama kowa ba. Sai na uku ya fito: "Ban gane komai ba."

Abdurra'uf ya yi dariya ya ce akwai masu barkwanci a cikinmu. Bai rufe baki ba bango ya cika.

"Tun ranar farko nake cewa na gane. Allah ya yafe mini."

"Yaushe ɗalibi zai shiga tsakiyar? Malam ya cinye wurin."

"Na fi iya waya kafin bitar nan."

"Gwiwoyina."

Kowa ya juya ya kalli Baba Kyari. Baba Kyari ya kafa wa silin ido yana jan carbi.

"A ɗaga leshin nan a gaisa da 'yan Sin."

Madam Dina ta miƙa hannu ta ɗaga leshin, ta kunna kwamfuta guda, ta duba ta saman tabarau, ta kunna ta biyu, ta mayar da leshin a hankali. Hajiya Bilqis ta rufe fuska da gefen mayafi.

"Kutse ne!" Abdurra'uf ya daka tsawa. "Maƙiya ne daga waje suka shigo shafin. Ga malamaina nan a zaune, a tambaye su. Jama'a, bitar nan kun gane ko ba ku gane ba?"

"Mun gane, Malam!" muka amsa, da ladabi, kawunanmu a sunkuye, manyan yatsunmu suna aiki. A bayansa bango ya ce, "Ba mu gane ba." Ya sake cewa, "Wallahi ba mu gane ba."

Obinna ya kama ciki don dariya. Alhaji Hamzat ya tambayi na kusa da shi ko maƙwabta ma za su iya rubutawa.

Abdurra'uf ya ruga wurin majigi zai kashe. Ya danna wani maɓalli, rubutu ya ninka girma. Ya danna wani, ya ƙara haske. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya tsaya a gaban hasken ya buɗe hannuwa don ya tare. Farar shadda kuwa ta karɓi rubutu fiye da bangon. A kan tumbinsa, tar-tar, aka karanta: "Mutumin kirki ne, amma don Allah kada a ba shi." Wannan ta fi sauran yi mini ciwo, domin ita ce ra'ayin kowa.

Ya kalli cikinsa, ya karanta daga sama, ya ja da baya. Ya zagaya bayan teburin kwamfutoci ya tsuguna, wai yana duba waya. Muna hango hularsa kawai tana rawa. Zauren ya lafa, har na fara jin tausayinsa.

Sai wani sabon rubutu ya fito, shi kaɗai a saman bango, cikin jan launi. Ashe shafin masu amsawa kawai yake ɓoye wa suna, wanda ya buɗe shi kuwa da sunansa yake magana. Aka rubuta:

"MAI GABATARWA, ABDURRA'UF DIJITAL: Ni dai a matsayina na malama mace mai 'ya'ya, ban taɓa ganin gwani irin wannan bawan Allah ba. Masu hassada ne. A ba shi muƙamin."

Hula ta ɗago daga bayan tebur. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ko bangon bai kalla ba, ya nuna shi da babban yatsa ta bayan kafaɗa.

"Madam, kin dai gani. Har yanzu akwai masu tsoron Allah a cikinsu."

Madam Dina ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake karantawa. Sannan ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"Mun gani," ta ce masa. "Mun ji ra'ayinki, Malama. Sai dai ke kaɗai ce."